Wata talatin ina bin sawun takardarmu ta gyaran tsarin mulki

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ba don na fi kowa sani aka ɗora mini ba, don dai ni ne ba na ƙyuyar riƙe biro. Shi ya sa da aka ji a rediyo, wajen ƙarshen daminar 2020, cewa kwamitin Majalisar Dattawa mai gyaran kundin tsarin mulkin 1999 yana neman shawarwarin jama'a a rubuce, kowa ya juyo ya dube ni. Kwamitin yana hannun Mataimakin Shugaban Majalisar na lokacin, Sanata Ovie Omo-Agege. Mun zauna mu goma sha ɗaya bayan la'asar, muka tsayar da buƙata biyu ba gardama. Ta farko a soke asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya kafa. Ta biyu a toshe ƙofar da gwamnoni ke bi suna rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi, alhali sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Duk wanda ya taɓa zama a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san zafin abin. A takarda za ka ga an turo miliyoyi daga Abuja, abin da zai iso hannunku kuwa da ƙyar ya rufe albashi.

Muna shirin tashi sai wani dattijo a cikinmu, wanda ya ƙarasa shekarun aikinsa a majalisar dokokin jiha har muke ce masa Baba Akawu, ya ce a ƙara ta uku: a riƙa bai wa majalisun jihohi kuɗinsu kai tsaye, ba sai gwamna ya ga dama ba. Na ce, "Baba, mu ina ruwanmu da kuɗin 'yan majalisa? Ai su ba abin tausayi ba ne." Ya ce, "Malam Sakatare, duk abin da za ku rubuta sai ya bi ta hannun majalisun jihohi 24 cikin 36 kafin ya zama doka. Majalisar da sai ta je gidan gwamnati roƙon kuɗin man janareta, ita kake so ta ƙwace asusu daga hannun gwamna?" Don girmansa na rubuta, na jefa ta can ƙarshe a sakin layi guda. Da na san abin da ke gaba, da ita zan fara.

Rubutuna na farko shafi 14 ne, kuma kuka ne zalla. Na kawo tarihin yadda aka yi mana tun zamanin En'e, na kawo sunayen asibitocin karkara da rufinsu ya yaye, har da ayoyi a kan amana. Ɗan maƙwabcina lauya ne, na kai masa ya duba mini Turancin. Ya karanta shafi uku ya ajiye, ya ce, "Baba, gaskiya ka faɗa, amma ba wanda zai karanta." Shi ya nuna mini abin da kwamiti ke nema, kuma shi ne abu mafi amfani da na koya a duk tafiyar. Ka rubuta lambar sashen da kake so a taɓa. Ka kwafo abin da sashen ke cewa yanzu, kalma da kalma. Ka rubuta kalmomin da kake so a cire da waɗanda za a sa a madadinsu. Sannan dalili, a taƙaice. Muka kwana biyu muna sassaƙa har ya koma shafi 4, da wasiƙar gabatarwa a kan takardar ƙungiya mai ɗauke da sa hannun shugaba da nawa da lambar waya. Na so in aika da Hausa, tunda sashe na 55 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a cikin harsunan da majalisa za ta iya aiki da su, amma sashen ya sa sharaɗin sai an yi tanadin da ya dace, kuma masu tace takardun da Turanci suke aiki. Ka yi tunaninka da Hausa, ka nemi wanda zai juya maka.

Sanarwar ta ba da adireshin imel, mun kuma aika ta nan. Amma Baba Akawu ya kafe sai an kai da hannu an samo hatimi, don a cewarsa takardar da ba hatimi a kanta ba ta iso ba. Na buga kwafi 10 aka ɗinke mini su, na sa ɗaya a filashi, duka ya ci kusan naira 9,000. Na hau mota zuwa Abuja, na kwana wurin ƙanen matata, da sassafe na nufi majalisa. A nan na fara cin karo da abin da ba wanda ya gaya mini. Lokacin korona ne, an taƙaita shigar baƙi, kuma ko ba korona ba a shiga sai da takardar izini, wadda sai wani daga ciki ya nema maka. Na kira yaron ɗan majalisarmu sau biyar bai ɗauka ba. Ina tsaye a inuwar wata bishiya nesa da ƙofa, ina hango koren ƙubbar nan, sai wani mai kwat ya matso ya ce in ba shi naira 10,000 ya shigar mini da takardar har teburin shugaban kwamiti. Na kusa bayarwa, don rana ta fara dukana. Allah ya taimake ni na tuna akwai lambar sakatariyar kwamiti a ƙasan sanarwar da na yanko daga jarida. Na kira. Bayan kamar awa ɗaya da rabi wani saurayi ya fito da kati rataye a wuya, ya ce, "Baba, sannu da rana, kawo." Ya ƙirga kwafin, ya karɓi filashin, ya koma ciki, ya dawo mini da kwafi ɗaya an buga masa hatimi da kwanan wata. Na miƙa masa ɗan abin shan ruwa ya ƙi karɓa, ya ce ba a biyan ko sisi. Wannan a riƙe shi da kyau: miƙa takarda kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ɗan damfara ne.

Har na juya zan tafi ya ce, "Baba, ta Majalisar Wakilai fa, kun kai?" Na ce ai majalisa ɗaya ce. Ya yi murmushi ya ce gini ne ɗaya, kwamiti biyu ne, kowanne da sakatariyarsa da ranar rufe karɓarsa. Na Wakilai yana hannun Mataimakin Kakaki Ahmed Idris Wase, kuma su sai daga baya suka fitar da tasu sanarwar. Dole na sake wata tafiyar bayan 'yan watanni. Tafiya biyun, da kuɗin mota da buga takardu da ɗan abin sawa a baki, sun ci wa ƙungiya wajen naira 45,000, kuɗin da muka tara ɗari biyar-ɗari biyar daga fansho.

Daga nan sai shiru. Wata takwas ba wasiƙa, ba waya, har 'yan ƙungiya suka fara yi mini ba'a suna tambaya ko takardar ta haihu. A cikin wannan shirun ne, a watan Maris na 2021, ma'aikatan majalisun dokoki suka tafi yajin aiki a kan dai buƙatar nan ta Baba Akawu, ma'aikatan kotuna suka bi bayansu a Afrilu. Na wuce ta gaban majalisar jiharmu na ga ƙofa an sarƙafe ta da kwaɗo, an baza tabarmi a gindinta. Ranar na je gidan Baba ya ba ni tarihin da ban sani ba. A gyaran 2010 an bai wa Majalisar Tarayya damar karɓar kuɗinta kai tsaye daga asusun tarayya, aka miƙa wa majalisun jihohi irin wannan dama, amma ba a samu jihohi 24 da suka yarda a 'yanta su ba. Wato an buɗe wa tsuntsu keji ya ƙi fita. Sai a 2018 aka samu gyaran ya wuce Shugaba Buhari ya sa hannu, gwamnoni suka yi kamar ba su gani ba. A Mayun 2020 ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 don tilasta su, su kuma suka tafi kotu, inda daga baya, a Fabrairun 2022, Kotun Ƙoli ta soke umarnin. Baba ya ce kada in yi mamaki. Duk lokacin da soja suka yi juyin mulki, kotu na nan, ma'aikatu na nan, majalisa ce kaɗai ake rufewa. An rufe ta daga 1966 zuwa 1979, aka sake rufewa a ƙarshen 1983, in ban da ɗan buɗewar da aka yi mata a ƙarshen mulkin Babangida ba ta dawo da ƙafarta ba sai 1999. Ita ce autar ɓangarorin gwamnati uku, kuma auta bai cika yi wa yayyensa musu ba.

Sai ga saƙo a waya cewa za a yi zaman jin ra'ayin jama'a na shiyya-shiyya ranakun 26 da 27 ga Mayun 2021, cibiya biyu a kowace shiyya. Mu Kaduna muka faɗa. Na yi zaton tunda mun miƙa takarda sunanmu na cikin jerin masu magana. Ba haka ba ne. Akwai tebur a bakin zaure inda ake sake rubuta suna, kuma sai ka sake miƙa kwafi. Allah ya sa na taho da ragowar guda huɗu. Na iso ƙarfe takwas, na tarar sunaye sun wuce arba'in. Ba a fara ba sai wajen sha ɗaya, kuma rabin ranar farko ta tafi a jawaban manya: wakilan gwamnoni, sarakuna, shugabannin ƙwadago. Bayansu masu neman sababbin jihohi, kowane ayari da tutarsa da taswirarsa da masu tafi. 'Yan ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta ƙasa sun cika gefe guda da riguna iri ɗaya, suna faɗin abin da muka zo faɗa da murya da ta fi tamu. Har magariba ba a kira ni ba. Na kama ɗaki na naira 6,000, abin da ban sa a lissafi ba.

Washegari bayan azahar aka kira sunan ƙungiyarmu, zauren ya riga ya rage. Aka ce minti uku. Ni kuwa da tarbiyyar aikin gwamnati na fara, "Ranka ya daɗe shugaban zama, masu girma sanatoci, iyayenmu sarakuna," ina bin kujeru ɗaya bayan ɗaya, kafin in ankara minti ɗaya ya tafi a gaisuwa. Na karanta buƙata biyu a gurguje, ta Baba Akawu ko ambatonta ban yi ba aka buga mini tebur. Na tattara takarduna zan sauka sai wani sanata daga gefen hagu ya ce in dakata. Na ga kwafinmu a hannunsa, ya ja layi da jan biro a shafi na biyu. Ya ce, "Malam, kun ce a soke asusun haɗin gwiwa. To albashin malaman firamare fa? Ka tuna farkon shekarun 1990 da aka bar shi a hannun ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba a biya su ba. Ƙungiyar malamai ta zo ta ce tana tsoron a koma can. Me takardarku ta ce?" Takardarmu ba ta ce komai ba. Ni kaina na ga wancan zamani da idona, amma ban kawo shi a rai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire albashin malamai tun daga sama kafin a raba sauran." Ya ce in rubuto shi a matsayin ƙari in bai wa sakatariya kafin a tashi. A bayan wata mota na jingina na rubuta shi da hannu, aka karɓa, aka buga hatimi.

Na hau mota ina jin kunyar tambayar, amma kuma ina jin wani abu da ban zata ba. Na zo da yaƙinin cewa wasan kwaikwayo ne, an riga an gama komai a Abuja. Sai ga mutum ya karanta shafi huɗun wasu 'yan fansho har ya gano inda suka yi rami. Ba zan ce duk na kan teburin haka suke ba, don na ga mai barci na ga mai latsa waya tun safe. Amma mutum ɗaya ya karanta, kuma ɗayan nan ya isa ya sa na fasa jefar da fayil ɗin. Zaman Majalisar Wakilai ya biyo baya a farkon Yuni, mataimakin shugabanmu ya je da gyararriyar takarda, na gargaɗe shi ya yi sallama kawai ya shiga magana.

Abin da ya biyo baya shi ya fi rikita ni, kuma a nan mutane da yawa ke sakin igiya. Ina ta kiran saurayin nan na sakatariya ina tambaya ina takardarmu ta kwana. Wata rana ya yi haƙuri ya yi mini bayani. Ya ce, "Baba, daina neman takardarku, ta narke." Masana da kwamiti ya ɗauka suna tara duk takardun da suka yi magana a kan abu ɗaya, su fitar da ƙudurin doka guda. Sunan ƙungiyarku ba zai fito ko'ina ba. Abin da za ka bi shi ne taken ƙudurin da lambarsa. Kuma kowane gyara ƙudurinsa daban, don kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran, darasin da aka koya a 2015 lokacin da Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu a kan gyaran da aka dunƙule wuri guda, aikin shekaru ya tafi a banza. Ya nuna mini takardu biyu da ake fitarwa kowace ranar zama, ta jadawalin abin da za a tattauna da ta abin da aka zartar, jikana ya koya mini nemo su a intanet. A nan na ga buƙatunmu uku sun zama ƙudurori uku cikin 68 da kwamitocin biyu suka haɗu suka amince a kai zaure.

Ranar ƙuri'a Talata ce, 1 ga Maris 2022. Wannan karon na yi wayo. Mako biyu kafin ranar na je ofishin mazaɓa na ɗan majalisarmu da wasiƙa, na nemi a sa sunana cikin baƙinsa, na kuma karɓi lambar mutum biyu maimakon ɗaya. Na tafi da katin ɗan ƙasa. An karɓi wayata kafin in hau benen 'yan kallo na zauren Wakilai, inda ba a tafi, ba a magana. Abin da ya kamata mai kallo ya sani shi ne lissafin. Ba rinjayen waɗanda suka halarta ake nema ba, kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa ne: 240 cikin 360 a Wakilai, 73 cikin 109 a Dattawa. Don haka kujerar da ba kowa a kanta daidai take da ƙuri'ar ƙi. Kuma sai ƙuduri ya wuce a zauruka biyun, in ya faɗi a ɗaya ya mutu. Da na'ura aka yi, ba da murya ba. A karanta take, a ba da 'yan daƙiƙu, lamba ta fito a allo. Da aka zo kan na kuɗin ƙananan hukumomi na ji tafin hannuna ya jiƙe. Lambar ta haura 240. Na ce alhamdu lillahi a fili har ɗan sandan majalisa ya harare ni. Na biyun ya wuce, na Baba Akawu ma ya wuce, daga baya muka ji a ɗaya zauren ma haka.

A benen nan na ga majalisa ta yi abin da ban san ta da shi ba, mai daɗi da marar daɗi. Sun kayar da ƙudurin bai wa shugabanninsu fansho na har abada. Sun kuma kayar da ƙudurorin mata, har da na ware musu kujeru na musamman, duk da cewa uwargidan shugaban ƙasa da kanta ta zo majalisar kwanaki kaɗan kafin nan don nuna goyon baya. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi, na rasa abin da zan ce mata sai "Hajiya, sai haƙuri." Washegari mata suka tare ƙofar majalisa, suka yi kwanaki, har ranar 8 ga wata Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki. Kwana ɗaya bayan haka Majalisar Dattawa, wadda kowa ke kira 'yar amshin shata, ta ƙi buƙatar Shugaba Buhari ta goge sashe na 84(12) na sabuwar dokar zaɓe, wanda ya hana waɗanda aka naɗa a muƙaman siyasa shiga zaɓen fid da gwani suna kan kujera. Abin ya tuna mini shekarun farko. A 2000, zamanin marigayi Ghali Na'Abba yana Kakaki, majalisa ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta duk da Obasanjo ya ƙi sa hannu. Ranar 16 ga Mayun 2006 kuwa ina ofis mun kewaye rediyo lokacin da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne tazarcen Obasanjo. Ban ce majalisar Abuja ta zama ta Allah ba. Ita ce dai a Disambar 2021 ta yi ta kurarin za ta tsallake shugaban ƙasa a kan dokar zaɓe, ƙarshe ta tafi hutu. Amma tana iya cewa a'a wani lokaci, kuma na lura majalisar da ke iya faɗin haka ita ce wadda albashinta ba ya hannun wanda take gaya wa.

Na koma gida aka tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Baba Akawu kaɗai bai taya mu murna ba, ya ce yanzu aka fara. A ƙarshen Maris aka aika wa majalisun jihohi ƙudurori 44. A nan ba a buƙatar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar, rinjaye ya isa, kuma tsarin mulki bai tilasta musu jin ra'ayin jama'a ba, bai kuma yanka musu wa'adi ba. Ni da na san ƙofofin Abuja, sai ga shi majalisar da ke garinmu ta gagare ni. Na je ofishin akawu sau huɗu. Na farko aka ce takardun ba su iso ba. Na biyu aka ce suna ofishin kakaki. Na uku ana zaɓen fid da gwani, ba kowa a ginin sai masu gadi. Na huɗu wata ma'aikaciya ta ji tausayina ta ce, "Baba, ka daina wahalar da kanka, ba a nan ake yanke maganar ba." Ban tambaye ta ina ake yankewa ba, don na sani. A Oktoba Omo-Agege ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa jihohi 11 kaɗai suka yi ƙuri'a, sauran 25 sun ce sai an ƙara musu wasu ƙudurori huɗu, ciki har da na 'yan sandan jihohi, ya kuma ɗora laifin a kan gwamnoni.

Na samu ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu a gidansa wata Juma'a da dare. Yaro ne da na san mahaifinsa. Ya zaunar da ni a kan kujerarsa shi ya zauna a ƙasa. Na ce, "Honarabul, ina muka kwana?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ni ma kansila na fara, na san gaskiyarku. Amma tikitina a hannun wa yake? Motar da ke waje wa ya saya? In na ɗaga hannu ni kaɗai, ƙudurin ba zai wuce ba, ni kuma na tafi." Na tambaye shi mutum nawa suka zo masa da wannan magana tun da aka kawo ƙudurorin. Ya ce ni ne na farko. Wannan amsar ta fi ta farkon yi mini ciwo. Mun kashe kuɗi mun je Abuja sau uku, mun cika zaure a Kaduna, amma mutanen da ƙuri'ar ƙarshe ke hannunsu, waɗanda muke haɗuwa da su a masallaci da wurin ɗaurin aure, ba wanda ya taka ya je musu. Ranar da majalisarmu ta yi nata zaman ma a labaran yamma na ji. Sun amince da na kuɗinsu, na ƙananan hukumomi kuwa aka ce an jingine.

A Janairun 2023 aka tattara sakamako, ƙudurori 35 suka samu jihohi 24, namu biyu na ƙananan hukumomi ba sa ciki. A watan Maris Shugaba Buhari ya sa hannu a kan 16, ciki har da na mayar da wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da jihohi ma za su iya yi wa doka, da na tilasta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60. Sakin layin nan da na jefa a ƙarshe don kada Baba ya ji haushi, shi kaɗai ya zama doka a cikin buƙatunmu. Abin da majalisun jihohi suka hana, Kotun Ƙoli ce ta bayar ranar 11 ga Yulin 2024, da ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma kantomomi ba su da gurbi. Na ji daɗin hukuncin, amma kalmomin sashe na 162 suna nan yadda suke, kuma tsakanin hukunci da aiwatarwa akwai tafiya.

Wanda zai shiga wannan hanya, ga abin da zan ce masa. Ya yanke sanarwar ya ajiye, don lambar wayar da ke ƙasanta ta fi ta duk wani babban mutum da ya sani amfani. Ya kai wa kwamiti biyun, ya karɓi hatimi a kowanne, ya riƙe ragowar kwafi don ranar zaman jama'a. Kafin ya rubuta, ya nemi wanda ke adawa da buƙatarsa ya ji dalilinsa, don da mun zauna da malaman firamare tun farko da ban tsaya ina inda-inda a gaban sanata ba. Ya tanadi kuɗin kwana biyu ko da an ce masa yini ɗaya ne. Sannan ya raba ƙarfinsa tun ranar farko, kada ya zuba shi duka a Abuja. A Abuja akwai kyamara, akwai allo, ana ganin lamba. A jiha ana iya kashe ƙuduri cikin minti biyar ranar da ba ɗan jarida ko ɗaya a zaure, ko ma a bar shi a aljihun tebur har majalisar ta ƙare.

Da aka kafa sababbin kwamitoci a 2024, na Dattawa a hannun Sanata Barau Jibrin, na Wakilai a hannun Benjamin Kalu, mun sake miƙa takarda, shafi uku, da sakin layin albashin malamai a ciki da sa hannun tsofaffin hedimastoci biyu. Abuja sau ɗaya na je. Sauran kuɗin mun raba wa junanmu na mota, kowane ɗan ƙungiya aka ba shi sunan ɗan majalisar jiha guda ko biyu da zai riƙa kai wa gaisuwa yana tuna masa. Ni aka bar wa ofishin akawu. Duk ranar Litinin nakan leƙa in tambayi abin da ke kan jadawalin mako, ma'aikaciyar nan har ta saba, tana hango ni take jawo mini kujera.